Kawuna da Ba Ya Nuna Hanya

Ranar Talata bayan azahar Kawu ya cika, a zaune kan kujerarsa ta baranda, butar shayi na tafasa a gabansa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Shi ya riga mu tafiya, kuma in dai Kawun da na sani ne, ba zai waiwayo ya gaya wa kowa ta inda ya bi ba.

Sai ranar Alhamis takardu suka fito muka kai shi makwancinsa, can bayan garin Greensboro da muke zaune a ƙasar Turawa, ta wajen Pleasant Garden. Da muka dawo, gidan 'yarsa ya cika har takalma suka gangara kan matakala. Na zauna a bakin ƙofar kicin ina kallon fuskoki. Rabin mutanen nan, da yana da rai, in sun hango shi a tashar bas ta cikin gari tsallaka titi suke yi. Yanzu ga su sun marairaice, kowa na neman ya fi na kusa da shi saninsa. Wani da Kawu ya taɓa kira jakar iska a gaban jama'a, har da goge hawaye da hula.

Wata Anti 'yar zangon Kumasi ce kaɗai ta yi magana kamar wadda ta san mamacin.

"Allah ya jiƙan Baba," ta ce, "amma fa yana da wuyar sha'ani. Shekara biyu ina gaishe shi. Ran da na ce ya kwatanta mini gidan mai kitso, sai ya dube ni ya ce, Hajiya, ita mai kitson ta san kina nemanta?"

Aka yi 'yar dariyar zaman makoki, wadda ake yi ta hanci. Nan take kowa ya tuna nasa. Wannan ya tambaye shi gidan limami bai faɗa ba, wancan ya tambaye shi inda ake sayar da rago bai faɗa ba. Suka haɗu a kan cewa tsufa ne da 'yar izza irin ta mutanen Agadas. Antin ba ta ƙarasa labarinta ba, ni kuwa na san ƙarshensa: washegari da hantsi mai kitson ce ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Kawu, mai shekara tamanin da ɗori da ido ɗaya mai hazo, shi ya hau bas biyu ya je ya gaya mata ana nemanta.

Ana cikin haka Alhaji shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar ya leƙa baranda, ya dawo riƙe da wani abu. Lambar girma ce ta tagulla, da kan wata mace a jikinta, gefenta ya cinye ya yi baƙi. A kan farantin shayi ya tsince ta. Ya ɗaga ta sama kamar ya tono zinariya, ya buɗe baki da 'yar kalmarsa ta Faransanci.

"Bon, jama'a, ku dubi nan. Wannan ta mahaifinsa ce, na sha ji. Jarumi ne, ya yi yaƙin Abzin. Faransa ba ta ba kowa irin wannan a banza. Amma dubi yadda tsufa ya sa aka wulaƙanta ta. Za mu sa ta a gilashi mu rataye a ɗakin taro, yaranmu su san muna da tarihi."

Aka yi ta gyaɗa kai. Na dubi taubashiyata, 'yar Kawu, ta dube ni, ta koma kan tukunyarta. A abu ɗaya Alhaji ya yi gaskiya, Faransa ba ta ba da ita a banza ba. Don abin da ya rage nake wannan rubutu, kafin a kulle ƙarya a gilashi a ce tarihi ce.

Sai dai in fara da nawa laifin, don ni ma ban zauna a makokin nan da hannu mai tsabta ba. A cikin motata akwai ambulan, a cikinta akwai kwantiragin wani kamfani da ke ɗaukar masu jin Larabci su je Iraƙi su yi wa sojoji tafinta. Alhaji ne ya haɗa ni da su. Shekara shida na yi ina karatun Larabci a Alƙahira, na zo ƙasar nan na ƙare da naɗe ƙafafun kujeru da leda a masana'antar kayan ɗaki. Matata da 'ya'yana biyu suna Damagaram, rabona da su shekara biyar. Mutumin kamfanin ya ce in na yi shekara ɗaya a can, takarduna za su yi sauri, in kawo iyalina. Sa hannu kawai ya rage.

Kawu yayan mahaifiyata ne. 'Yarsa ta kawo shi Greensboro don aikin ido, aka yi, likita ya ce a riƙa dawowa, shi ke nan ya zauna. Ita tana jinyar wata tsohuwar Baturiya a wani ƙaton gida a unguwar Irving Park, shi kuma yana wuni a baranda da gawayinsa da butarsa, duk da mai gidan hayar ya yi ta aiko takarda a kan hayaƙin. Sau uku yake dafa shayi kamar yadda Buzaye ke yi. In ya gama, sai ya ɗauki lambar nan ya kankare sukarin da ya daskare a gindin buta, ya jefa ta kan faranti. Na sha ganin haka ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka wani tsohon kwabo ne.

Raini kuwa, Allah ya hore masa shi, kuma bai yi rowarsa ba. Da aka fara yaƙin Iraƙi, in an nuna taswira a talabijin da kibiyoyi, sai ya jawo kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Na san taswirar nan," yakan ce. "Kakannin waɗannan ne suka zana ta. Ingilishi ya kama nan, Faransi ya kama can, kamar mahauta biyu a kan sa guda. Sun ce wa Larabawa ku tashi ku kori Turkawa, ƙasa taku ce. Wawaye suka hau raƙuma suka yi ta mutuwa a rairayi, alhali takardar rabo na aljihun wani tun kafin su ɗaura sirdi."

Wani ya taɓa ƙoƙarin faranta masa, ya yabi Turkawa. Kawu ya yi tsaki.

"Su wa? Su ne suka aiko wa Buzaye bindigogi da wasiƙa mai hatimi, suka ce ku tashi a kan Nasara muna tafe. Da wuta ta kama, ko ƙeyar ɗaya ba a gani ba."

Bai bar sarakunan Larabawa ba, bai bar shugabanninmu na gida ba. Amma duk inda zagin ya zaga, wuri ɗaya yake sauka. "Duk cikinsu, da jiragensu da taswirarsu, babu wanda ya san inda ruwa yake. Sai an nuna musu." Mukan yi dariya, mu ce Kawu ya fara.

Shekarar da aka kai harin New York, wasu mutum biyu masu kwat suka zo daga hukuma suna neman wani tela ɗan Gana da ke salla tare da mu, wai sunansa ya yi kama da wani da ke takardarsu. Wani ya ce musu tsohon baranda ya san kowa. Na zo gaishe shi na tarar da su, sai na zama tafinta. Kawu ya zaunar da su, ya ba su shayi na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, suna ta duba agogo. Sannan ya juyo gare ni.

"Ka ce musu na san shi, na san gidansa, na san yawan matakalar gidan. Ba zan nuna ba."

Na juya na ce musu da Turanci tsoho ne, ba ya tuna abubuwa. Suka dube shi da tausayi, suka yi godiya, suka tafi. Tausayin nan ne ya tona ni.

"Me ka gaya musu?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona da idonsa mai kyau.

"Ka ga aikin tafinta ke nan," ya ce. "Ko ya ci amanar wancan, ko ya ci ta wannan. Yau tawa ka ci, ka mai da ni gigitacce a cikin gidana."

Ya sa takalmi ya sauka, ya tsallaka zuwa ginin da ke kallon namu, inda telan yake, ya gaya masa ana nemansa, ya nemi lauya ya je da ƙafarsa. Telan ya je, aka duba, aka ce ba shi ba ne. Har Kawu ya rasu shi ke ɗinka masa riguna, kuma a wajen jana'iza shi ya shiga kabari ya karɓe shi, bai ce uffan ba a falo.

Wata Asabar da la'asar na kai wa Kawu labarin kwantiragin. Na je da fara'ata, ina jiran a sa mini albarka. Ya saurara har na gama, yana fifita gawayi da kwali.

"Ni ba bindiga zan riƙe ba, Kawu," na ce. "Fassara kawai."

"Ai kakanka ma bai taɓa harba bindiga ba."

Ban san komai game da kakana ba sai cewa bafatake ne, ya san hanyar sahara. Mahaifiyata ba ta taɓa wuce nan ba. Ranar Kawu ya wuce nan, ya ba ni sauran labarin.

Kakanmu jagora ne, ya san hanya daga Kano zuwa Agadas har Turabulus. Da yaƙin Nasara na farko ya tashi, Ingilishi a Kano suna ba shi abin hannu don ya shinshino musu abin da Turkawa ke turowa ta ƙasar Larabawa. Faransi a Damagaram kuma suna ba shi don ya shinshino musu abin da Ingilishi suka ji. "A takarda abokan yaƙi ne," in ji Kawu, "amma ko gishiri ɗaya ba zai ba ɗaya ajiya ba. Kakanka yana tsakiya yana ganin shi ne mai wayo."

Yana da mai masauki a Abzin, wani Buzu da ya taɓa tsintarsa a sahara ya kusa mutuwa, ya yi jinyarsa da nonon raƙuma. A can akwai rijiyoyi da ba kowa ya san su ba, ana rufe bakinsu da fata a zuba yashi a kai. Ƙa'idarsu ita ce, in an nuna maka irin wannan rijiya, ba ka kai kowa gare ta. In ka ga mai ƙishirwa, ka ɗebo ka kai masa inda yake, ko da maƙiyinka ne, amma hanyar ba taka ba ce da za ka bayar. Buzun nan ya nuna wa kakanmu guda uku.

Da tawayen Buzaye ya karye, suka kwashe mata da yara suka shige sahara. Sojan Faransi ba su iya bin su, don ba su san inda za su sha ba. Kakanmu ya shige gaba.

"Ba su harbi kowa a bakin rijiyoyin ba," Kawu ya ce. "Zama kawai suka yi. Wanda ya zo, ya miƙa wuya. Wanda ya ƙi, ƙishirwa ta yi musu aikin. Mai masaukin nasa an same shi tafiyar wuni guda daga rijiya ta uku, da matarsa da 'ya'yansa, guga na hannunsa."

Ya ɗauki lambar ya kankare gindin buta, ƙarar ta cika barandar.

"Wannan ce ladan. Ina da shekara bakwai uwarmu ta aike ni sayen cuku a kasuwar Agadas. Matar ta dube ni, ta jawo tabarma ta rufe kayanta, ta ce ba ta sayar wa ɗan mai nuna rijiya. Shi ya sa muka koma Damagaram kafin a haifi uwarka. Shi kuwa har ya tsufa, duk ranar bikin Nasara sai ya maƙala wannan a ƙirji ya tsaya a rana, kwamandan ya zo ya miƙa masa yatsu biyu. Ubana ne, na yi masa wanka, na yi masa salla, ina roƙa masa gafara. Amma ban taɓa ganin abin raini kamarsa ba a ranar nan."

Na ce zamani ya canza. Na ce ni Larabci zan mayar Turanci, babu rijiya a ciki.

"Za su tsaya a ƙofar wani gida," ya ce, "su ce ka tambayi tsohuwa ina ɗanta. Za ta ce ba ta sani ba. Kai da ka zauna da su shekara shida, za ka ji a muryarta cewa ta sani. Sai su juyo su dube ka. To nan ne rijiyar, Malam tafinta."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da har in mutu zan yi nadamarsa. Na ce shi 'yarsa ta kawo shi, yana cin tuwo a inuwa yana zagin duniya, ni kuwa 'ya'yana sun manta fuskata. Na zaci zai kore ni. Sai ya zuba shayi na uku ya miƙo mini.

"Wannan gaskiya ne," ya ce. "Ba zan hana ka ba, ba ni na haife ka ba. Amma kada ka sake ce mini fassara kawai."

Na sha na tafi. Sati biyar ban taka gidan ba. Duk Juma'a taubashiyata na kawo mini ƙullin ganyen shayi wurin aiki, ta ce in ji tsohonka. Ina karɓa, ban aika da ko gaisuwa ba. A sati na shida ta kira ni a waya tana kuka.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, ta ja ni kicin. Ta kwance bakin zanenta ta fito da lambar. Ashe ta karɓe ta daga hannun Alhaji da sunan za ta wanke.

"Ungo, ɗan Gwaggo. Baba ya ce in ba ka. Ya ce in ka tafi, ka tafi da ita, gadonka ce, ka maƙala. In ba ka tafi ba, butar ma taka ce."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Ka san shi da ƙari?"

Muna tsaye wayar falo ta yi ƙara. Alhaji ya ɗauka, fuskarsa ta washe, ya yafuto ni ya miƙo mini wayar. Mutumin kamfanin ne. Ranar ce ta ƙarshe ta sa hannu, ya biyo ta garin, Alhaji ya ba shi lambar wayar gidan tun da ya san a nan zan wuni. Ya ce ya yi ta'aziyya, ba zai ɗauki minti biyar ba. Sai dai ya ɓata, yana tsaye kusa da tashar bas ta wajen Elm Street, in kwatanta masa hanya.

Kowa a falon ya kasa kunne yana yi kamar yana jan carbi. Alhaji ya tsaya a gabana yana nuni da hannu, dama, sannan hagu a fitila ta biyu. Hanyar ba ta da wuya, ko minti goma ba ta kai ba. Na buɗe baki, sai na ji tagullar nan ta yi ɗumi a tafin hannuna. Na dubi baranda, kujerar na nan, an bar kwalin fifita a kanta.

Na ce masa da Turanci, "Yallaɓai, a gidan nan ba a nuna hanya."

Ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Ya ce to in zo in same shi inda yake. Na tambaye shi ko ruwa yake bukata. Ya ce a'a, sa hannuna yake bukata. Na ce to ba ni da abin da zan kawo masa. Na ajiye wayar.

Alhaji ya dube ni kamar na zubar masa da miya a riga. "Bon. Kai ka yi wa kanka. Iyalinka ne, ba nawa ba."

Shi ma wannan gaskiya ne, kuma ba zan yi kamar ban ji zafinta ba. Ya sake tambayar lambar don gilashinsa. Na fita baranda na hura gawayi, na dafa wa masu makoki shayi, na kankare gindin butar da ita yana kallo. Bai ƙara tambaya ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi daga ruwan da babu soja a bakinsa. Allah ya gafarta wa ubansa, ya jiƙan Buzun da aka samu da guga a hannu, shi da iyalinsa, waɗanda ko sunansu ba mu riƙe ba.

Shekara biyu ke nan. Ina nan ina naɗe ƙafafun kujeru, takarduna suna inda suke, iyalina suna Damagaram. Lahadin da ta wuce na kira gida, aka ba ƙaramar 'yata waya, wadda na bari a goye. Ta gaishe ni yadda ake gaida baƙo, sannan ta ce, "Baba, ta ina ake zuwa wurinka?"

Ita kam, Kawu, da na san hanya da na nuna mata.